Yadda “Lafiya Lau” Ta Ci Mini Ƙafa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni aron ƙafa biyu, ya karɓi ɗaya ya bar mini ɗaya.

Sunana Ilu, mutumin Maraɗi. Na fara da karen mota a hanyar Kano, na ƙare da tuƙin tasi a garin Gaithersburg, nan ƙasar Turawa, shekara ashirin da wani abu. Lakwal aji biyu na yi aka kore ni, don na sa wa malam ƙadangare a aljihu. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake tafiya yanzu. Ina yin sa ne don 'yan'uwanmu masu ciwon suga da ke ƙasar nan, musamman tsofaffi irina da suka zo da tarbiyyar gida cike da jaka.

Suga ya daɗe a jikina. Tun shekarun baya ƙafafuna suka daina jin abu, kamar kullum ina sanye da safa uku. Ban ɗauke shi ciwo ba. Har alfahari nake da shi, in fita zubar da shara a kan ƙanƙara da silifas, maƙwabta suna leƙe ta taga.

Wata rana cikin tsakiyar sanyi na dawo cin abincin rana, na yi alwala na yi azahar, na kishingiɗa a kujera na miƙa ƙafa gaban ƙaramar hitar nan ta lantarki. Barci ya ɗauke ni. Matata Hajiya Rabi ce ta fito daga kicin tana shinshina iska, tana neman abin da ke ƙauri. Ta duba tukunya, ta duba dutsen guga, sannan ta tsaya a kaina.

“Malam, kai ne kake ƙonewa.”

Safar ta manne da tafin ƙafata ta dama. Da muka ɓanɓare ta, wurin ya kai faɗin bakin kofin shayi. Na ce mata ai ga suya ta samu, saura yaji. Ba ta yi dariya ba. Ta wanke, ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da bandeji, ni kuma na sa takalmi na koma aiki. Ƙafar dama ita ce totur, ita ce birki, ita ce kuɗin haya da shinkafar gidan. Tunda ba ta yi kuka ba, ban ga dalilin ba ta hutu ba.

Cikin makon ne aka yi sa'a ranar ganin likitar suga ta zo. Hajiya ta raka ni har bakin ƙofa tana cewa in nuna mata ƙafar. Na ce to, kuma wallahi da niyyar nunawa na tafi.

Likitar yarinya ce mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kanta. Ta shigo tana murmushi ta gaishe ni da Turanci, “Hawayu?” Na ce, “Fayin.” Me zan ce? A wurinmu ko gawa ce kwance a ɗaki, aka ce maka ina kwana, lafiya lau za ka amsa. Sai an bi gajiya, an bi iyali, an bi sanyi, sannan mai tambaya ya gyara zama ya rage murya ya ce, “To, lafiya dai ko?” A nan ake kwance kaya. Ni wannan tambaya ta biyu na zauna jira.

Ta dubi kwamfuta ta ce sugan ya hau. Ta tambaya ko akwai inda ke mini ciwo. Na ce babu, kuma gaskiya na faɗa, babu inda ke ciwo. Ta ƙara mini magani, ta miƙe, ta kama hannun ƙofa, ta waiwayo ta ce ko akwai wani abu. Mutum ya riga ya miƙe, hannunsa a kan ƙofa, wasu na jiransa, ka dawo da shi ka tuɓe masa takalmi? Na ce mata na gode, Allah ya yi albarka. Da na dawo Hajiya ta ce me likita ta ce game da ƙafar. Na ce ba ta ce komai ba. Wannan ma gaskiya ce.

Mako na biyu wurin ya fara ruwa. Labari ya kai Maraɗi, waya ta cika da saƙon murya. Ƙanena ya ce zuma da habbatus sauda. Yayar Hajiya ta ce garin sabara. Wani abokin sana'a a masallaci ya ce shi toka da man birki ya sa wa tasa ta kame, na ce masa ni ƙafa gare ni ba taya ba. Amma zumar na sa, sabarar ma da aka samo ta a wani kanti a garin Wheaton na barbaɗa. Duk wanda ya bugo ya ce ya jiki, in ce da sauƙi. Su ce Alhamdulillahi, in ce Alhamdulillahi.

Mako na uku ƙafar ta daina shiga takalmi. Na sa reza na tsaga wani tsohon kambas na ci gaba da tuƙi. Wata fasinja ta sauke gilashi ana tsananin sanyi, ta riƙe gyale a hanci tun daga filin jirgi har gida. Washegari na sayi turaren mota guda uku na rataya. Dabarar da kaina ya kawo ke nan.

Ranar da rawar sanyi ta kayar da ni, Hajiya ba ta yi shawara da ni ba, ta kira 'yarmu Zainabu. Ita a nan ta girma, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata, ta kwance bandejin, ta duba. Ta ɗauki makullin motarta ta tsaya a bakin ƙofa.

A emajensi ta sauke ni ta tafi neman wurin ajiye mota. Mai rajista ta tambaye ni zafin ciwon, daga babu zuwa goma, nawa ne. Na ce babu. Ta nuna mini kujera. Na zauna ina kallon masu tari da masu karaya ana shiga da su, tun bayan azahar har rana ta yi sanyi. Da Zainabu ta gane abin da na faɗa, ta je ta yi magana a tagar, a tsaye, da irin muryar da ban san tana da ita ba. Ba a daɗe ba aka kawo keken marasa lafiya.

Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa. Likitan tiyata ya zo, dogo mai furfura, ya danna nan ya danna can yana kallon fuskata, ni ma ina kallon tasa. Ya ce infekshan ya shiga ƙashi. Ya tambayi sana'ata, aka ce masa direba ne. Ya ce za su fara da yanke yatsu biyu da gefen tafin, su ga abin da za a iya cetowa. In ƙwauri da diddige suka tsira, zan koma mota. In ba su tsira ba, bai ƙarasa ba. Hajiya tana salati a hankali. Ni abin da nake tunani a lokacin shi ne na bar mota a gefen da ake share ƙanƙara, za su ci ni tara.

Ɗakin da aka kwantar da ni gado biyu ne, labule a tsakani. Mai ɗaya gadon wani tsoho ne ɗan Italiya, Jino, ya haura tamanin, mai shimfiɗa tayil ne a Wheaton tun yana saurayi. Shi suga ya riga ya ci masa ƙafar hagu daga gwiwa, yanzu ya dawo kan ta dama. Turancinsa da nawa kamar tsofaffin motoci biyu ne, kowace sai an tura, amma muna isa. Da ya ji sana'ata ya sa mini suna Tasi. Ni kuma ina ce masa Baba Jino.

Ban taɓa ganin mutum mai ƙorafi irinsa ba. Nas ta leƙo ta ce hawayu, sai ya gyara kwanciya. Bayansa, wuyansa, cikinsa bai fita ba, filon ya yi tauri, miyar jiya ruwan wanki ce, ɗan yatsa na tsakiya yana masa wani iri. Har mai goge daɓe ba ya tsira. Nakan juya fuska bango don kunya, kamar ni ne na haife shi.

Yana da wata kalma da ba ta barin bakinsa: salute. Na yi atishawa, ya ce salute daga bayan labule. An kawo mana magani, ya ɗaga ɗan kofin robar ya ce salute, sai na ɗaga nawa kafin ya haɗiye. Jikarsa ta bugo waya, salute ɗin dai yake tambayarta. Na ce wa Zainabu ta duba mini, kada tsohon nan ya yi ta zagina ina murmushi. Ta duba a waya ta karanta mini abin da Turawa suka fassara. Ta ce asalinta lafiyar jiki. Ana kuma faɗa wa mai atishawa, kamar yadda muke yarhamukallahu. Ana faɗa in an ɗaga kofi. Gidansu ɗaya da kalmar gaisuwa, har Turancin Ingilishi ya ɗauke ta ya ba soja, ita ce sara wa babba da hannu a goshi.

Na ce ashe su ma gaisuwarsu da lafiyarsu a kwano ɗaya suke ci, kamar mu. Zainabu ta fassara masa. Ya ɗaga labule ya dube ni.

“Ƙwarai, Tasi. Amma mu in an tambaya muna faɗa.”

Na ce ai na lura, duk benen ma ya lura. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya danna ƙararrawa ya kai ƙarar tarin.

Aka yi aikin farko. Na farka na ga ƙafar a naɗe kamar an ɗaure tuwo za a kai gona. Ban ji komai ba, a ƙafar ko a zuciya. Likita ya ce yana da kyakkyawan zato.

A makon ne Allah ya haɗa ni da Sista Rifkatu, nas ce 'yar Filato. Da ta ga sunana a allo ta shigo da sallama, ta gaishe ni tun daga kwana har mutanen gida, sannan ta jawo kujera ta zauna.

“To Baba, an gama gaisuwa. Yanzu faɗa mini.”

Na faɗa mata abubuwan da ban faɗa wa Hajiya ba. Ta ce, “Ku mutanen Faransa, 'yan Nijar, sai a hankali. Baba, a nan tambaya ɗaya ake yi. Ta farkon nan da kake ɗauka gaisuwa, ita ce duka.” Na ce na ji, 'yata. Ta ce ba ji take so ba. Na ce ku dai 'yan dutse ba ku iya lallashi ba. Allah ya saka wa yarinyar nan, ita ta riƙa juya mini gado ya fuskanci gabas, ta kawo mini dutsen taimama daga lambun asibitin a aljihunta.

Sai ta tafi hutun auren ƙanwarta a ƙarshen mako, kuma a daidai lokacin jama'a suka samu sarari suka zo dubiya. Daga garin Clinton, daga Wheaton, har da waɗanda suka ajiye aikin yini guda. Ɗaki ya cika da kuloli da turare. A ranar kuwa tun safe nake jin sanyi yana shiga ƙashina, kuma da na ɗaga bargo na ga wani jan layi ya fito daga saman bandeji ta bayan ƙwauri yana hawa. Na mayar da bargon.

Nas ta shigo, baƙuwa ce, ta auna ni. Maganin da suke ba ni yana danne zazzaɓi, awo bai nuna wani abu ba. Ta ce hawayu. Liman yana zaune a gefen gadona, Hajiya na tsaye, mutum goma sun zuba mini ido, kowa ya sha hanya don ya ji an ce da sauƙi. Na san abin da Sista ta ce. Ina jin sa a kunnena. Bakina ya riga ni.

“Fayin.”

Jama'a suka ce Alhamdulillahi. Aka yi addu'a aka shafa. Washegari wasu suka zo, aka sake yin haka. Ba zan ce kunya ce kaɗai ba. Muddin ban faɗa ba, ƙafar tana nan a ƙarƙashin bargo, tawa ce.

Bayan la'asar ɗin rana ta biyu baƙi suka watse, Hajiya ta sauka raka su. Haƙorana suka fara haɗuwa, ƙarfen gadon yana ƙara. Na ji an ja labule.

“Tasi, kana rawa.”

Na ce sanyin na'ura ne.

“Jiya ma ka yi. Na ga ka ɗaga bargo ka mayar. Ni ma na taɓa mayar da bargo.”

Na ce Baba Jino ka yi barcinka. Ya danna ƙararrawa, ya riƙe bai saki ba. Da nas ta shigo ta nufi gadonsa da fuskar wadda ta gaji, ya nuna ni da yatsa ya ce ba shi ba ne yau, wancan ne, maƙaryaci ne, a ɗaga masa bargo. Na ce masa munafuki da Hausa. Ya ce salute.

Jan layin ya kusa gwiwa. Daga nan abubuwa suka yi sauri, mutane da yawa, fitilu, takardar sa hannu. Likita mai furfura ya ce yanzu ba maganar ƙafa ake ba, maganar jini ce, in ya shiga jini gaba ɗaya ni ne zan tafi. Zainabu ta tambaye shi, da an gani kwana biyu da suka wuce fa? Ya ce, “Wataƙila.” Ta ce da an gani tun makon farko? Sai ya dafa kafaɗarta. Na sa hannu. Sa hannuna dama bai taɓa kyau ba.

Suka yanke ƙasa da gwiwa.

Da na dawo hayyacina, wani ɗakin aka kai ni. Hajiya na kuka, Zainabu na kuka, ƙanena na kuka a waya. Na yi ta jira nawa ya zo, bai zo ba. Ina kallon wurin da bargo ya kwanta shafe, kamar ina kallon filin da aka rushe kantin wani. Sista Rifkatu ta dawo daga biki ta tsaya a bakin gado da daɗewa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce, “Baba, sannu.” Na ce yauwa, ya amarya.

Da na samu hawa keke na sa aka tura ni tsohon ɗakin. Gadon Jino a gyare, wani ne a kai. Aka ce iyalinsa sun mayar da shi gidan kula da tsofaffi a wata jiha. Ban gode masa ba, ban kuma janye munafukin ba. Duka biyun suna nan a wurina.

Sauran jinyar doguwa ce kuma babu labari a cikinta. Wata guda a gidan koyon tafiya, inda wata ƙatuwar mata ke tafa mini in na yi taku uku kamar ɗan yaye. Wankin dungu safe da yamma, Hajiya ce ke yi, ba ta taɓa yamutsa fuska ba, sai dai ta daina yi mini magana in tana yi. Takardun asibiti suna ta zuwa, inshora ta ɗauki wani ta ƙi wani, Zainabu ke faɗa da su a waya lokacin hutun aikinta. Ƙungiyarmu ta 'yan Nijar ta yi karo-karo ta riƙe mana haya, Allah ya biya su. Cikinsu har da mai man birki, wanda ya zo ya ce da na bi tasa da ba a kai nan ba. Na ce masa Allah ya ba shi ciwon da zai gwada. Ƙafar roba kuma sai da aka yi ta awo ana komawa, ta farko tana cizo, ta biyu tana ƙara kamar ƙofar gareji.

Abin da zan ce wa 'yan'uwa gajere ne. In kana da suga, ka duba tafin ƙafarka kullum, in ba ka iya sunkuyawa ka sa madubi a ƙasa. Ka nisanci hita. In ka shiga wurin likita ka tuɓe takalmi tun kafin ya shigo, ƙafar ta yi maganar da bakinka ba zai yi ba. Masu zuwa dubiya kuma, in nas ta shigo ku fita waje. Ba rashin ladabi ba ne. Akwai abin da dattijo ba zai faɗa a gabanku ba ko zai mutu.

An ce akwai totur da ake sa wa ƙafar hagu, akwai na hannu ma. Na je gwaji. Mai gwajin ya duba hagun, ya soka mata ɗan tsinke a wurare, ban ji ko ɗaya ba. Ya duba idona. Ya ce don kaina wataƙila nan gaba, amma ɗaukar fasinja ya ƙare. Na ce to.

Motar ta yi wata da watanni a bakin gida har tayoyinta suka fara kwanciya. Wani yaro ɗan Damagaram da ya shigo sana'ar ya saye ta, muka ce za mu kai masa Wheaton ranar Asabar. Zainabu ce ta tuƙa. Ƙafar robar ba ta lanƙwasa sosai a gaba, sai na shiga baya. Shekara tara ina da motar nan ban taɓa zama a bayanta ba. Ashe kujerar ta lotsa a gefen dama, akwai wani ƙarfe da ke tokarin mutum a kwankwaso. Babu fasinjan da ya taɓa faɗa mini.

Yarinyar tana tuƙi da kyau, sai dai tana matse wa na gabanta. Muka nufo wata danja, ta koma ja, ita ba ta rage ba tukuna. Sai na ji tafin ƙafata ta dama ya taka birki. Na ji shi sarai, yatsu biyar cif, har da sanyin ƙarfen a ƙarƙashin babban yatsa, abin da na yi shekaru ban ji ba tana jikina. Na duba ƙasa, roba ce a cikin takalmi, ba ta motsa ba. Gwiwar ce kawai ke dannawa.

Zainabu ta hango ni ta madubi. Ta ce da Turanci, Baba ka daina, ni ke tuƙi.

Na ce ba ni ba ne.

A danja ta gaba ma ta taka, da ta gaba da ita. Na ƙyale ta ta yi aikinta har muka isa Wheaton.